Kwale-kwale a Kan Dogo

Shekaranjiya aka kai jikokina wani filin wasa a Kano suka hau jirgin nan mai hawa da gangara, tun daga bakin ƙofa suke gardama har aka ajiye musu tuwo. Wannan ya ce gangaren farko bai yi tsayi ba. Wancan ya ce dodon da aka zana a bakin shiga ko jariri ba zai tsorata ba. Babbansu kuwa, wanda bai taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba, cewa ya yi da shi aka ba aikin da sati biyu ya ishe shi. Na ƙyale su suka gama, sannan na ce su matso. Sana'ar da suke wa kallon wasan yara da ita na ci abinci shekara talatin da ɗoriya, masu sharhi irinsu kuma na gan su tun ba a haifi iyayensu ba, da gemunsu da furfurarsu.

Aikin farko da maigidana Malam Ɗan'azumi ya ba ni, shekarar da aka samu 'yancin kai, shi ne sassaƙa turakun ƙirya. Kafinta ne a nan Haɗeja, yawancin shekara ƙofofi da akwatuna yake yi, amma sunansa a lilo ya fito. Ba lilon igiya da kuke ratayawa a reshe ba. Ginshiƙai biyu ne a kafe, sandar ƙarfe a tsakaninsu, hannuwa huɗu suna juyawa a kanta, kowane hannu da akwatinsa da mutum biyu za su zauna. Ƙarti biyu ke juya shi, wanda ke sama ya dawo ƙasa, na ƙasa ya tafi sama yana salati. Turakun nan su ke riƙe komai, domin maigida bai yarda da ƙusa a wurin da nauyi yake ba. Wata uku ina sassaƙa su da gizago, yana ɗauka yana jujjuyawa yana miƙa wa matarsa ta hura wuta da su. Har yau ina zargin itacen girki yake nema, ba koyarwa ba.

Bayan turaku sai ya koya mini sauraro. Lilo na juyawa da mutane a ciki, zai kama kunnena ya manna a jikin ginshiƙi ya ce in faɗa masa abin da na ji. Akwai kukan katako mai lafiya, akwai na sandar da ke son man kaɗanya, akwai kuma wani ɗan siririn kuka da idan ka ji shi sai ka tsayar da komai ka sauke 'ya'yan mutane. Kayan aikinmu ba su da yawa, zarto da gizago da kurfi da guduma da magagari, duk buhu ɗaya ke ɗauke su. Kunnen shi ne ba a saya a kasuwa, kuma shi ya fi ɗaukar lokaci.

Na tuna wata kafawa da muka yi a Kirikasamma, ruwa bai daɗe da janyewa ba. Ƙasa ta yi kamar ta bushe, ashe samanta ne kawai. Muna cikin juyi ginshiƙi ɗaya ya soma nutsewa a hankali, akwatin da ke saukowa ya riƙa shafar ƙasa da gindi, wani mahauci mai ƙiba da ke ciki yana cewa a ƙara, shi bai taɓa jin irin wannan ba. Tun daga ranar ba na kafa ginshiƙi a ƙasar fadama sai na shimfiɗa azara a ƙarƙashinsa. Haka muka yi ta yawo. Ran kasuwar Kafin Hausa mu ɗora a mota, in ambaliya ta rufe hanyar Auyo mu ɗaure kayan a kwale-kwale biyu mu haye. Kuna tsammanin yara ne abokan cinikinmu, to rabinsu manya ne. Samarin Fulani sukan ce a juya su har sai ɗaya ya yi amai, wanda ya fara shi ya faɗi. Magidanta kuma sukan zo da yaro a hannu su ce rakiya suka yi, yaron na kuka yana son sauka, su suna cewa a ƙara zagaye ɗaya.

Duk inda muka kafa, akwai mutum uku da sai sun zo, mu muke kiransu majalisa. Shugabansu Tela Ɗanjuma, wanda zai rufe shago ana jibi Salla, kayan mutane a kan keke, don ya ji an ce an canza wa lilo sanda. Shi ma'auninsa hula ce. In akwati ya sauko hularsa ba ta ɗaga daga kansa ba, to wannan ba lilo ba ne, kujera ce. Sai Baba Maina, masunci daga Auyo, ba ya yawan magana, amma in ya ce katako bai bushe ba, ka je ka duba. Ta uku Inna Kande mai ƙosai. Ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa ba, tana zaune gaban kaskonta tana kallo, amma matan gari ita suke tambaya kafin su bar yaro ya zo. In waɗannan ukun suka ce abu bai yi ba, gara ka kwance kayanka tun da rana. Na ga sun kashe lilon wani mutumin Gumel da magana ɗaya, wai Tela ya ce yana saukowa kamar mai jin kunya.

Sai shekarar fari ta zo. Kogi bai cika ba, fadama ta tsage, shinkafa ta ƙone tun tana ƙarama, masunta suka rataye komarsu. Wanda bai ci ba ba ya son a juya shi. Mun kafa da Ƙaramar Salla, yini guda ba mu juya sau goma ba, shi ma rabi kyauta ne don kada ƙartin su yi barci. A shekarar maigida ya kwanta, bai tashi ba, Allah ya jiƙansa. Ya bar mini lilon da buhun kayan aiki. Shekara biyu yana jingine a zaure, ni kuma ina bin gidaje ina gyaran ƙofa da ƙafar gado. Gara ta cinye akwati biyu, ginshiƙan ƙiryar ne kawai ta gwada ta haƙura.

Muna cikin haka kuɗin mai suka shigo ƙasa, waɗanda jiya ke hawa keke suka wayi gari 'yan kwangila. Cikinsu akwai Alhaji Bukar, ɗan wani manomin shinkafa ne a fadama, mun san shi tun yana korar tsuntsu a gona. Ya je ƙasar waje sayen injina, aka kai shi wani filin wasa, ya dawo da abin a ransa. Wata safiya ya aiko direbansa ya ɗauke ni zuwa wani filinsa da ke kusa da kogi, an kewaye shi da kwano. Ya tsuguna ya zana mini abin a ƙasa da makullin mota. Dogo ne irin na jirgin ƙasa amma a sama, a ja keke zuwa ƙololuwa a sake shi, ya gangaro kwari, ya haye tudu na biyu da ƙarfin kansa, ya lanƙwasa ya dawo inda ya tashi. Ya ce lambun iyali zai buɗe, miji ya zo da matarsa da 'ya'yansa, kuma komai na ciki zai zama na kogi, saboda haka keken kwale-kwale yake so ya zama.

Na tambaye shi yadda aka yi tudun na biyu a can. Ya ce bai gani ba, idonsa a rufe yake.

Sharaɗinsa bai ɓoye ba. Wata huɗu ya rage Babbar Salla. Ana jibi Salla za a gwada a gaban majalisa. In sun yaba, jirgin nawa ne in riƙa tafiyar da shi muddin lambun na nan. In sun kushe, zai sa a kwance shi, ya yi odar na ƙarfe daga Legas da makanikensa, ni kuma in koma gyaran ƙafar gado. Na ce na yarda, ban ma san abin da na yarda da shi ba. Da na shiga neman katako sai na tarar 'yan kwangila sun kwashe duk mai kyau, saura ɗanye wanda zai murɗe kafin a gama fenti. Ƙirya busasshiya da na yarda da ita guda ɗaya ce a garin nan, tana jingine a zaurena. Na yi kwana uku ina zagaya ta, ran na huɗu na ɗauko zarto na yanka lilon maigida. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, kuma na san daga ranar ba ni da abin da zan koma wa.

Ƙarfen dogon a wani tsohon sito na gyaɗa kusa da tasha muka samo shi, sirara ne waɗanda a da ake tura kurar buhuna a kansu. Ƙafafun jirgin na sa maƙeri ya yi, muka cusa musu boris na babbar mota, ya kuma ƙera ƙugiyoyi da ke kama dogon ta ƙasa don kada jirgin ya yi tsalle ya bar hanya. Hasumiyar da ake sakin jirgin daga kanta tsayin mutum huɗu ce, ƙarti huɗu ke jan jirgin sama da igiya. Kwale-kwalen kuwa na gaske ne, wani masassaƙi a Auyo ya yi shi, ni dai kujeru huɗu na sa masa a jere da sandar da ke sauka a cinyar kowa. Duk wannan aiki ne na ƙarfi, kowane kafinta mai haƙuri zai iya.

Tudun na biyu shi ne sana'ar. In ya yi tsayi jirgi ba zai haye ba, in ya yi gajarta ya wuce shi kamar ba komai, ciki bai faɗi ba, hular Tela na zaune daram. Babu littafi, babu wanda zan tambaya. Buhu huɗu na cika da yashi na ɗaure a kujeru, a sake su, in tsaya a kwari ina kallo da kunnena a jikin ginshiƙi. Sau bakwai ina kwance tudun nan ina sake shi, wani lokaci faɗin tafin hannu kawai zan rage. A na bakwai jirgin ya gangaro, ya hau, ya yi ta rage gudu har ya kai ƙololuwa, ya tsaya cak kamar numfashi ɗaya, ka ce baya zai dawo, sannan ya sunkuyar da kai ya wuce. Ƙartin da ke jan igiya suka saki baki. Na sa aka maimaita har la'asar, ko sau ɗaya bai saɓa ba. A duk abin da hannuna ya taɓa yi, babu wanda ya kai wannan tsayawar.

Batun ado kuma, Alhaji ya ɗauko wani mai fenti daga Kano, yaron kirki, sai dai kogi daga kan gada kawai ya taɓa ganinsa. Ya shafe daɓen kwarin da shuɗin fenti wai ruwa ne, ya zana kifaye a jikin kwanon, aka gina dorina ta siminti a gefen lanƙwasa da baki a buɗe. Tun ba a gama ba majalisa ta samu hudojin ƙusa a jikin kwanon, kullum da yamma sai ka ga ido ɗaya-ɗaya suna leƙe, ka kuma ji sharhi ta bayan shinge. Baba Maina ya aiko a gaya wa mai fenti cewa tarwaɗa ba ta da ɓawo, shi kuwa ya yi mata irin na karfasa, kuma a ina ya ga ruwan Haɗeja shuɗi. Tela ya ce dorinar saniya ce da ƙudan zuma suka harba. Inna Kande ba ruwanta da kifi, ita tambayarta ɗaya ce, in yaro ya ji tsoro a tsakiya yaya za a sauke shi. Na ce ba a sauka sai an kai ƙarshe. Ta ci gaba da juya ƙosanta.

Ranar gwaji da hantsi aka buɗe ƙofa ga majalisa kawai, amma rabin gari na kan shinge da bishiyoyi. Alhaji ya zo cikin babbar riga fara mai aiki, ya ce shi zai zauna a gaba. Tela ya bi bayansa yana danna hula. Kujera ta uku ba wanda ya yarda, sai aka tura direban Alhaji. Ta ƙarshe ba a ma yi shawara ba, Baba Maina ya nufe ta, domin wurin matuƙi ne. Sai na ga yana riƙe da gwangwalarsa, doguwar sandar da yake tura jirgi da ita.

Na ce, "Baba, ajiye sandar nan, wannan ba ya buƙatarta."

Ya ce, "Ɗan nan, shekara arba'in ban shiga jirgi hannu sake ba. Ba a kanka zan fara ba."

Alhaji ya waiwayo ya ce a bar shi, ai ado ne, ya ma fi kifayen kyau. Na roƙi Baba Maina ya kwantar da ita a cinyarsa, kada ya bari ta taɓa ƙasa ko da me zai gani. Ya dube ni irin kallon da ake wa wanda ya zo koya wa kaka dama fura. Na sauke musu sanduna, na yi bisimilla, ƙarti suka ja.

Gangaren farko ya yi yadda nake so. Hular Tela ba ɗagawa kawai ta yi ba, tafiya ta yi, sai bayan Salla aka same ta a kan rufin wani. Alhaji ya soma kalmar shahada da ƙarfi. Direba ya rungume Tela ta baya. Ni ina tsaye ina ƙirga abin da ya rage a kai tudu, sai na ga Baba Maina ya ɗan miƙe, ya juya gwangwala, ya kafa ta a ƙasa ta bayan jirgin ya danne da ƙirjinsa. Mutumin ya ga jirginsa na gudu babu mai riƙe shi, hannunsa ya yi abin da ya saba kafin kansa ya yi tunani. Sandar ta ja layi a kan shuɗin fentin, tana ƙara, ta cinye gudun da na yi wata huɗu ina tarawa. Jirgin ya hau tudu zuwa rabi, ya tsaya, ya dawo da baya, ya sake gaba kaɗan, ya sake dawowa, har ya zauna a tsakiyar kwari.

Na tsaya da hannu a ka, ina ganin ƙafafun gadon da ke jirana.

Baba Maina kuwa ko a jikinsa. Ya ɗaga sandar cinyarsa, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ce da muryar da yake magana da ita a mashaya, "Ya hau yashi. Kowa ya sauka a tura."

Ku yaran yanzu da gada ta lalata ba za ku gane ba. A ƙasar nan duk wanda ya girma ya san in jirgi ya dafe a yashi, maganar na baya ita ce magana, ko hakimi ne a ciki sai ya sauka. Alhaji Bukar da ya je ƙasar waje, mai mota uku, bai tsaya tunani ba. Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya tattare babbar riga ya cusa a hammata, ya zuro ƙafa ɗaya a hankali yana laluben zurfi, ya taka busasshen siminti. Tela ya naɗe wandonsa da kyau, ninki uku, aikin tela. Direba ma haka. Su huɗu suka sa kafaɗa, Baba Maina na ba su baki, suka tura kwale-kwale a kan dogo cikin rana tsaka, ba ɗigon ruwa ko ɗaya a wurin, kowa na ɗaga ƙafa kada ya jiƙe.

Gefen dogon akwai katakon da nake takawa in zan shafa giris, ta nan suka hau da shi. Da suka kai ƙololuwa jirgin ya sunkuyar da kai. Baba Maina ya yi tsalle ya faɗa wurinsa kamar yadda ya saba, direba ya bi shi, Tela ya samu shiga da ciki ƙafafu a waje. Alhaji hannunsa da takalmi, kafin ya yanke shawarar inda zai ajiye su jirgi ya tafi. Aka bar shi tsaye a kan tudu, riga a hammata, yana kallon jirginsa na zagaya dorina. Dariyar da ta tashi daga kan shingen nan har kwano biyu suka faɗi da mutanen da ke kansu.

Alhaji ya sauko bai dubi kowa ba, ya wuce mota ya zauna a baya ya rufe ƙofa. Sai da ya ɗan jima a ciki, domin direban na can ana zare shi daga jirgi. Kafin su tashi direban ya zo ya ce Alhaji ya ce in same shi gida da safe. Na tambaye shi yadda fuskarsa take, ya ce gara in zo da buhun kayana.

Da la'asar majalisa ta zauna a gindin kaskon Inna Kande, ni ina gefe kamar wanda ake wa shari'a. Baba Maina ya fara, ya ce in gode wa Allah da yana ciki, in ba don shi ba da yanzu ana zaman makoki huɗu, kuma wanda ya saki jirgi a irin wannan gangare ba matuƙi bai san ruwa ba. Na buɗe baki zan yi bayani, Tela ya ɗaga mini hannu. Ya ce gangaren farko ya yi, kansa shaida ne. Dorina ba ta yi ba. Amma shi a duk hawan da ya yi a duniya, daga nan har Nguru, ba a taɓa sauke shi a tsakiya aka ce ya tura ba, kuma wanda ya zauna ya tsara jirgi ya maƙale daidai inda aka zana ruwa, wannan ya san aikinsa. Na ce ba tsarawa na yi ba. Ya ce in daina ƙanƙan da kai, ba ya kyau ga mai sana'a. Inna Kande ta kwashe ƙosai ta ce ita dai ta ga abin da take nema, ana iya sauka a tsakiya, gobe za ta kawo jikokinta. Kafin magariba maganar ta shiga kowane gida.

Da safe na tafi gidan Alhaji ta bakin lambun, na ga layi tun daga ƙofa har ya sha lanƙwasa, wasu tun a layin sun naɗe wando. Shi ma ya gani, don ta nan ya dawo daga masallaci. Na same shi a zaure, na gaishe shi.

Ya ce, "Malam Sule, jiya ka tozarta ni a gaban gari."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sandar ce. In aka hana shiga da ita, wallahi zai wuce tudun nan ya ba ka mamaki. Bari a sake gwadawa yanzu ka gani."

Ya ce, "Ban tambaye ka ba. Mutanen da ke layi jirgin da ake turawa suka zo hawa. Kullum haka nake so ya yi, a daidai wurin. In ya wuce ko sau ɗaya, ka nemi wani aikin."

Haka na samu jirgin. Ran nan kafin azahar na sassaƙa guntun ƙirya, na lulluɓe shi da robar tsohuwar taya, na ɗaure a tsakiyar dogo a gindin kwari inda zai shafi cikin jirgin ya sha gudunsa. Wannan ma ba wasa ba ne, in ya kama da yawa mutane su ƙume goshi, in ya yi sako-sako jirgi ya haye. Duk sati biyu sai na canza robar. Na ƙara faɗin katakon gefe na sa masa abin dafawa, na ɗauki wani tsohon masunci ya riƙa zama a baya da gwangwala yana ba da umarnin sauka. Shekara tara muna haka. 'Yan rakiyar amarya sun tura, malaman makaranta sun tura, wani alƙali ya tura da rawaninsa. Majalisa ta koma sharhi a kan maƙalewa, yau ta yi daɗi, jiya ta zo da wuri, ta shekaranjiya ba ta da rai. Tudun da na kwance sau bakwai kuwa, ban da ni da ƙarti huɗu da buhunan yashi, babu wanda ya san abin da zai iya.

Sai wata ranar kasuwa a shekara ta takwas, an yi ta hawa tun safe, robar ta cinye ban lura ba. Tela Ɗanjuma na gaba, lokacin ya tsufa har sai an riƙe shi yake shiga, bayansa wasu 'yan mata biyu. Aka sake su. Jirgin ya gangaro, ya wuce kwari ko gezau, ya kama tudu, ya yi ta rage gudu, ya kai ƙololuwa ya tsaya cak. 'Yan matan suka ɗauke numfashi, duk filin ya ɗauke tare da su. Sannan ya sunkuya ya wuce, ya zagaya dorina, ya zo ya tsaya a gabana lafiya lau. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa a sana'a ba, har idona ya kawo ruwa. Na tsaya ina jiran abin da shugaban majalisa zai ce.

Aka fito da shi, takalmansa a hannu, don tun a sama ya tuɓe su. Ya tako a hankali ya kama hannuna ya ja ni bayan hasumiya inda ba kowa, ya rage murya saboda mutunci.

Ya ce, "Sule, mun daɗe tare, ba zan faɗa wa kowa ba. Jirginka ya lalace. Yi maza ka gyara kafin Alhaji ya ji."

Na ce to. Na ɗauki guduma da sabuwar roba na gangara kwari.